Ranar da Shafina Ya Ƙi Buɗewa a Bayan Gubuci

Duk wata sai biyu ko uku daga cikinku matasa sun leƙo shagona a Ikara sun ce suna son koyon haɗa shafin intanet. Tambayar farko ba ta canzawa: sati nawa zai ɗauka? Ta biyu kuma: wane yare ake yayi yanzu? Nakan ba su benci in ce su zauna mu fara, amma da wuya su kai la'asar. Sun ga bidiyo a waya, wani ya haɗa shafi cikin minti goma yana kurɓar shayi, sai suka ɗauka aikin ke nan. Tunda ba ku zama ku ji daga bakina, bari in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta.

Sunana Lawal. A Zariya na koyi aikin nan, a wani shago da ake buga takardu ana kuma sayar wa mutane awa su duba saƙo, tun lokacin da mutum zai zauna yana jiran hoto ɗaya ya gama sauka kamar mai jiran mota. Wadda ta koya mini mace ce, Malama Asabe, mutuniyar kudancin Kaduna. Wuta ba ta zama, kwamfutocin kuma na masu biya ne, saboda haka a littafi mai layi nake rubuta shafina da biro, ita kuma ta bi da jan biro. Da sassafe kafin a buɗe shago take ba ni rabin awa in buga abin da na rubuta in ga ko zai fito. Idan na manta ɗigo ɗaya sai allon ya fito fari fat. Ba ta taɓa nuna mini inda na ɓata ba. Sai dai ta ce, "Lawal, kai ka rubuta, kai za ka nemo," ta ci gaba da sharar shagonta.

Yaren da ta koya mana PHP ne. Yare a sana'armu shi ne hanyar da kake rubuta wa kwamfuta umarni. Yadda muke aiki da shi, akwai wata babbar kwamfuta a nesa da ke riƙe da shafin, ita ke yin duk wahalar, ta dafa komai ta miƙo wa wayar mutum rubutu gamamme. Wayar ba ta da wani aiki sai nunawa. Ku riƙe wannan, don a nan labarina yake.

Mu biyu ne a hannun Malama, ni da Kabiru, ɗan Kudan. Ya fi ni saurin ɗauka nesa ba kusa ba. Da muka gama sai ya wuce Abuja, ni kuma na dawo gida saboda mahaifiyata da gonar da mahaifinmu ya bari a wajen Paki. Malama ta rufe shago ta koma garinsu. Daga nan na zama ni kaɗai. Daga Ikara zuwa Maƙarfi zuwa Kudan babu wanda zan nuna wa layi in ce duba mini wannan. Makaniki idan inji ya gagare shi yana da maƙwabcin da zai kira, tela ma haka. Ni idan abu ya tsaya sai in rufe kwamfuta in zaga bayan shago in dawo. Har yau rabin garin nan mai gyaran waya suke ce mini, kuma na daina gyara musu maganar.

Aikina na farko na wata makaranta ce mai zaman kanta a Maƙarfi, suna son iyaye su riƙa ganin sakamakon 'ya'yansu. Mai makarantar ya fi damuwa da hotonsa ya fito babba a sama, yana kuma so sunan makarantar ya riƙa yawo daga dama zuwa hagu. Na yi masa hoton, na ce yawon ba zai yiwu ba, alhali zai yiwu. A wannan aikin na fara amfani da abin da muke kira firemwok. Kamar firam ɗin ƙofa ne da mai walda ya riga ya haɗa: wasu sun gina ƙashin shafin, kai kuma ka ɗora naka a kai, ba sai ka fara daga tushe ba. Wanda na ɗauka ƙarami ne ƙwarai. Na buga shi a takarda na karanta shi duka cikin sati biyu, har na san inda kowace ƙusa take. Da shi na yi wa masu rake shafin neman mota, na yi wa wata ƙungiyar masu tumatir, shekara da shekaru ban canza ba.

Aikin da na fi so a tuna ni da shi wata ma'aikaciyar lafiya ce ta kawo, Malama Hajara, da ke riƙe da wani ƙaramin ɗakin shan magani a wani ƙauye a bayan Gubuci. Ta sauko daga acaɓa da takarda a naɗe a hannu. Bayan mun gaisa ta baje takardar a kan teburina, sunayen kemis ne da asibitoci da lambobin waya.

Ta ce, "Malam Lawal, maciji ne ya kawo ni. Da damina babu satin da ba a kawo mini wanda aka sara a gona. Allurar kashe dafin tana da tsada, kowa kwalba ɗaya ko biyu yake ajiyewa, yau akwai gobe babu. Sai a ɗora mutum a mashin ana yawo da shi gari gari ana tambaya, ƙafa tana kumbura. Kafin in kira lambobin nan duka, rabi ba sa shiga. Ba za a iya tara su wuri ɗaya ba, in duba in san inda za a nufa?"

Na ce za a iya. Sati uku na yi ina aikin. Kowane mai kemis da kowane ma'aikacin asibiti na ba shi lambar shiga, da safe ya danna akwai ko babu. Shafin kansa ba shi da ado ko kaɗan: baƙin rubutu a kan fari, sunan wuri, akwai ko babu, lokacin da aka faɗa, da lambar waya. Ko wayar da ta fi kowace arha, mai maɓallai, tana buɗe shi da sandar sabis ɗaya. Damina huɗu yana aiki. Ban san adadin mutanen da ya yi wa amfani ba, don wanda ya samu allura a kan lokaci gida yake komawa, ba ya biyowa ta shagona.

A shekara ta biyar Kabiru ya gayyace ni wani taron masu sana'armu a Kaduna. Rabona da zama cikin mutanen da suka san abin da nake yi har na manta. Na sa sabuwar shadda. Aka ce kowa ya nuna aikinsa a babban allo, na nuna shafin maciji. Sai wani daga baya ya ce ko takardar jarrabawa ce, aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na ji ta. Da muka fito cin abinci Kabiru ya dafa kafaɗata ya ce, "Lawal, tunanin yana da kyau wallahi, amma har yanzu kana nan inda Malama ta bar mu? Duniya ta wuce nan. Bari in nuna maka abin da ake yi yanzu."

Abin da ya nuna mini ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Taswira ce mai launi, kowane kemis da ɗigonsa, kore idan akwai, ja idan babu, kana taɓawa yana buɗewa a hankali kamar fure. Na dawo Ikara na shafe rani guda ina sake gina shafin da wannan sabon firemwok. Ranar da na fara saukar da shi sai na ga ya janyo wasu ƙananan manhajoji ɗaruruwa, na mutanen da ban san su ba, ban kuma karanta ko ɗaya ba. Na ga haka na wuce. Kuma tsarinsa ya sha bamban da na da. Maimakon a miƙo wa waya rubutu gamamme, sai wayar ta fara sauke injin gaba ɗaya tukuna, sannan ita da kanta ta haɗa shafin. A kwamfutata ya yi kyau. A babbar wayata a cikin gari ya yi kyau. Na tura wa Kabiru ya ce yanzu na shigo gari. Na cire tsohon na ajiye a fulas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na ɗora sabon.

Masu kemis na cikin gari sun yaba. Malama Hajara ce kawai ta kira ni sau ɗaya ta ce, "Malam Lawal, abin nan ya yi nauyi, yana daɗewa." Na ce mata sabis ɗin wajensu ne, zai daidaita. Rani ne, macizai ba su fito ba, ita ma ba ta sake magana ba. Ban hau mashin na je na gani da idona ba. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, ana noma na biyu. Da hantsi macijiyar nan kasa ta sari wani manomi, Malam Isuhu, a cikin gonar masararsa, a ƙasan gwiwa. Dattijo ne da ya haura hamsin. Ƙannensa suka kai shi wurin Malama Hajara. Ta ɗauko wayarta ta buɗe shafin, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a kan farin allo. Ta fita waje ta ɗaga wayar sama, yana juyawa. Ta karɓi ta wani, haka. Ta nemi tsohuwar takardarta, ta tuna ta daɗe da yar da ita tunda shafi ya zo. Ta kira ni sau shida. Ina gona a wajen Paki, waya a aljihu, babu sabis.

Dole ta yi zato. Ta ce su nufi Maƙarfi. Suka je, wuri biyu babu. Aka ce su wuce Zariya, ruwa ya tsare su a hanya, ba su isa inda aka yi masa allura ba sai bayan la'asar. Ya rayu. Bayan kwana tara aka yanke ƙafar daga gwiwa.

A wannan safiyar akwai kwalba biyu a wani kemis a Ikara. Daga ƙofar shagona ana hango allonsa. Mai kemis ɗin ya danna akwai tun ƙarfe bakwai, ɗigonsa kore ne a taswirata.

Kwana uku bayan saran, sai Malama Hajara ta zo. Gaisuwar a taƙaice ta yi ta, abin da ba halinta ba. Ta ajiye wayarta a kan tebur ta ce, "Buɗe." Na buɗe. Muka zauna muna kallon zoben, ni da ita. Sai da ya ɗauki kusan minti biyu taswirar ta fito.

Ta ce, "A cikin gari ke nan. Gobe ka zo wajenmu ka gwada."

Na je. Na tsaya a gindin ɗorawar da ke gaban ɗakin shan maganin, inda suka ce nan sabis ya fi ƙarfi, har rana ta take. Bai buɗe ba. A kan hanyar dawowa na kira Kabiru na gaya masa. Ya yi salati, ya jajanta da gaske. Sannan ya ce ai sigar da na yi amfani da ita ma an bar ta, akwai sabuwa da ta fi sauƙi, in koma kanta. Ana kiransa a wani layin, ya ce zai neme ni. Ban ga laifinsa ba. Shi mutanen da yake yi wa aiki a ofis suke, da manyan wayoyi. Ni na san wayar da ke hannun mutanen Gubuci, kuma ni na zaɓa.

Da na iso shago na ɗauko fulas ɗin nan na mayar da tsohon shafin. Tsakanin azahar da la'asar na gama. Ban gyara ko layi ɗaya ba, ya tashi kamar jiya aka kashe shi. Washegari na shiga kasuwa na sayi irin wayar Malama Hajara sak, na ɗauki ɗan acaɓa na wuni. Saulawa, Paki, Gubuci, ƙauyukan Kudan, duk inda na ga bukkar gona sai in ce ya tsaya in gwada. Sati guda na yi a haka. Na kuma buga jerin lambobin a takarda na bi na manna a bangon kowane ɗakin shan magani, don ko shafi mafi sauƙi yana iya mutuwa wata rana.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Magana ta zaga cewa kwamfutar Lawal ta ci ƙafar mutum. Makarantar Maƙarfi ta kai aikinta Zariya. Wasu masu kemis suka daina dannawa, suka ce kada wata rana a ɗora musu laifi, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu sau uku. Shago ya koma wurin buga takardar haya da ɗaukar hoton fasfo. Akwai ranakun da daga buɗewa har rufewa babu wanda ya yi sallama sai mai kawo ruwa.

Sai bayan girbi na iya zuwa gidan Malam Isuhu. Na same shi a zaure a kan tabarma yana ɓarzar masara da hannu, sandunansa biyu a jingine da bango. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da hanya, na tambayi jiki. Ya sa aka kawo mini ruwa. Bai san ni ba. Na ce, "Baba, ni ne mai abin nan na waya da Malama Hajara ke dubawa don neman allura."

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe mutum ne ke yin sa. Na ɗauka da shi wayar ke zuwa."

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Na ce ranar akwai allura a Ikara, kuma da abin ya buɗe da can za a kai shi. Ya ci gaba da ɓarzar masararsa har ya gama ɗan kan da ke hannunsa.

Ya ce, "Maciji ne ya sare ni, Malam Lawal, ba kai ba. Abin da Allah Ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Amma ka ce da can yana buɗewa?"

Na ce, "Yana buɗewa, Baba. Shekara huɗu."

"Lalacewa ya yi ka canza?"

"Bai lalace ba."

"To me ya sa?"

Na shirya amsoshi da yawa a hanya, na bar su duka. Na ce, "An yi mini dariya ne a wani taro."

Ya ce, "To." Ya ɗauki wani kan masarar. Can ya zaro wata 'yar waya daga aljihu, an ɗaure bayanta da roba, ya miƙo mini. "Sa mini shi a nan in gani."

Na sa masa. Ya buɗe nan take a cikin zauren. Ba ya karatun boko, amma ya yi allo, kansa kuma yana ja. Kafin in tafi ya gane siffar akwai da siffar babu, ya kuma haddace jerin garuruwan daga sama zuwa ƙasa.

Shi ya sa idan kun tambaye ni yaren da ake yayi nake fara ba ku benci. Ni yanzu kafin in ɗauki kowane kayan aiki sai na tambayi kaina ko zan iya karanta shi duka in gane, don idan ya tsaya ba ni da wanda zan kira. Ina duba shekarunsa, in ga ko abin da aka rubuta da shi shekara goma da suka wuce yana tashi yau ba tare da an taɓa ba. Ina tunanin ranar da ba na nan, ko za a samu wani a Zariya da zai buɗe aikina ya fahimta a wuni ɗaya. Ba na cewa sababbin kayan ba su da amfani, akwai aikin da sai su. Amma ba na miƙa wa kowa aiki sai na hau mashin na je inda za a yi amfani da shi, da irin wayar da za a yi amfani da ita. Wannan ɓangaren ba ya cikin bidiyon da kuke kallo, kuma ya fi rubutun cin lokaci.

Malam Isuhu bai koma gona ba. Ya kafa tebur a mararrabar da ke fita daga ƙauyensu yana sayar da fetur a kwalba. 'Yan acaɓa suka saba, duk wanda ya ɗauko wanda maciji ya sara sai ya rage gudu a gabansa, shi kuma ya riga ya duba tun safe, sai dai ya ɗaga sanda ya nuna hanya ya ce Ikara, ko Maƙarfi. Kowace shekara kuma, ranar da ruwan farko ya sauka, sai ya kira ni. Mu gaisa, ya ce, "Malam Lawal, na gwada, ya buɗe." In ce madalla. Ya kashe. Shekara shida muna haka. A duk masu amfani da ayyukana shi kaɗai ne ke kirana alhali babu abin da ya lalace.

Bana ruwan farko ya sauka ranar wata Talata da rana. Ina shago ina jawo benci daga bakin ƙofa sai waya ta yi ƙara, lambarsa ce. Na ɗauka na ce, "Baba, barka da ruwa." Sai na ji muryar mace.

Ta ce, "Malam, Zulai ce, babbar 'yarsa. Baba ya rasu tun cikin azumi, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ba mu san yadda za mu same ka ba sai da na duba wayar."

Na yi mata ta'aziyya, na roƙa masa gafara. Ta amsa. Na ji ƙarar ruwa a kan kwano ta wajenta, irin wadda nake ji a kan nawa.

Ta ce, "Ya bar sallahu ne. Ya ce idan ruwan farko ya sauka a gwada abin nan a gaya maka. Na gwada yanzu. Ya buɗe."